Sun ce addu'ata ce ta saukar da ruwa, alhali ina Funtua ina kallon ƙwallo

Daga admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo mana wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A yi masa nasiha cikin mutunci, banda zagi, banda cin zarafin addinin kowa.

Salama alaikum jama'ar wannan gida, manya da ƙanana, Musulmi da Kirista. Don Allah ku ba ni shawara, na rubuta wannan saƙo na goge ya fi a ƙirga, yau dai na daure na turo. Duk sunayen da za ku gani na canza su.

Ni Bahaushe ne kuma Kirista, asalinmu wani ƙauye ne kusa da Gozaki, amma a Malumfashi nake zaune da matata da yaranmu, ina da ɗan shago inda nake sayar da iri da maganin feshi. Mahaifina mai bishara ne har ya rasu, a cikin coci na buɗe ido, kuma tun ina saurayi aka san ni da baiwar addu'a. A majami'armu in aka zo addu'ar rufe sujada, ko biki, ko jana'iza, sunana ake kira. In na kama addu'a muryata har waje ake jin ta, mata su yi ta hawaye, Amin ɗin da ake amsa mini sai ka ji kamar kwanon rufi zai ɗaga. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina komai a kan wannan ba, na ɗauka haka nake da Allah, shi ke nan.

Bara wani abokina ya turo mini wani shirin talabijin na Turawa a waya. Ana kwasar mutane a kai su wani daji mai sanyi, a ajiye kowa shi kaɗai nesa da ɗan'uwansa, da gatari da tukunya da 'yan tarkace, sai kyamarar da zai riƙa ɗaukar kansa. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ya ci. Akwai wata waya da aka ba kowa, in ka gaji ka danna a zo a ɗauke ka. Shirin ya shiga raina sosai, in babu ciniki a shago shi nake kallo. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne ba yunwa ce ke korar yawancinsu ba. Za ka ga ƙaton mutum, tsohon soja, ya gina bukka mai kyau, yana kama kifi yana ci, amma bayan 'yan kwanaki sai ya zauna gaban kyamara yana kuka kamar yaro, wai yana kewar matarsa, wai ya tuna abin da ya yi wa ubansa, sai ya danna waya. Ni kuwa dariya nake yi musu. Har a taron zumuntar matasa na kafa misali da su, na ce ku dubi mutanen da ba su da Allah, kaɗaici kawai ya karya su, amma mai bi ba ya taɓa zama shi kaɗai, ni da za a ajiye ni a dajin nan sai dai su gaji su zo su roƙe ni in fito. Matasa suka yi ta tafi.

To bana kun san yadda ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina, daidai lokacin da masara ta fara fitar da kai. Ganye ya nannaɗe, taki na zube a gindi babu laimar da za ta narkar da shi, manoman da ke zuwa shagona kowa fuska a ɗaure. Musulmi sun fita roƙon ruwa, mu ma aka kira taron addu'a a coci. A wurin taron ne, ban yi shawara da kowa ba, na miƙe na ce Ubangiji ya sa a zuciyata in keɓe kaina mako guda a kan dutsen da ke bayan gonar mahaifina, ni kaɗai, da azumi da addu'a. Gaskiya ban san ko Ubangiji ne ya sa ba, abin da na sani shi ne tun ina kallon shirin nan nake son in gwada, kuma na ji daɗin yadda coci ta yi tsit da na faɗa. Fasto ya ce ko a haɗa ni da mutum ɗaya saboda halin da ake ciki na tsaro, na ce a'a, ai in da mutum ba keɓewa ba ce. A gida matata ta yi ta faɗa, ta ce ban tambaye ta ba, ta ce in wani abu ya same ni wa zan bar wa yara, ta ce aƙalla in tafi da waya. Ni kuma don in cika bajinta na miƙa mata wayar a gaban mutanen da suka zo rakiya.

Na tafi da tabarma da jarkar ruwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli na buɗa baki da yamma. Akwai wata tsohuwar bukka a gindin dutsen da mahaifina ya yi don tsaron gona, a nan na sauka. Ranar farko lafiya lau, na share wuri, na gyara jinka, na yi waƙoƙi, ina jin kaina kamar wani annabi. Washegari da safe na hau kan dutsen na durƙusa zan fara addu'a yadda na saba, na ɗaga murya na yi jimla biyu ko uku, na kai inda aka saba amsa Amin, sai na ji shiru. Na san zai zama kamar abin dariya a wurinku, amma jama'a shirun nan ya tsinka mini magana. Na sake farawa, na sake tsayawa. Kalmomin duk suna nan a bakina, na haddace su, amma sai na ji su kamar buhun da aka zazzage, babu komai a ciki. Na ce bari in yi a zuci, sai tunanina ya tafi shago, ya tafi kan wani da ya taɓa yi mini rashin kunya, ya tafi kan tuwo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, na kama kaina ina tsara yadda zan ba da labarin. Ina durƙushe, ido a rufe, amma a cikin kaina ina tsaye ne gaban ikilisiya ina cewa, a rana ta biyu, 'yan'uwa, sa'ad da nake kan dutse. Ko da rana ta ƙona ni sai in ji ina cewa wannan ma zan faɗa musu. A nan na gane Turawan da nake yi wa dariya sun fi ni gaskiya, su sun san da kyamara suke magana, ni kuwa shekara da shekaru da jama'a nake magana ina cewa da Allah ne. Da aka cire jama'ar sai na rasa wanda zan yi wa magana.

Sai kuma na lura da wani abu, a duk rayuwata ban taɓa yin wuni guda ni kaɗai ba. Ɗaki ɗaya muka tashi da 'yan'uwana, daga nan makarantar kwana, daga nan aure, shago kullum da mutane, coci kusan kowace yamma. Ban san yadda kaina yake ba in babu kowa. Zuwa rana ta uku na fara magana da ƙadangaru, in na ji ƙarar mashin can nesa a hanya sai in miƙe tsaye ina leƙe kamar wanda ake zuwa ɗauka. Abubuwan da na manta suka riƙa dawowa, fuskar mahaifina lokacin jinyarsa, yadda yake kallon silin ba ya cewa komai, ni kuma ina tsaye a kansa ina zuba addu'a da ƙarfi don masu dubiya su ji, ban taɓa zama na riƙe hannunsa na yi shiru tare da shi ba. Da tsakar rana na zauna a inuwar dutse na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'izarsa. A cikin kukan ne na ji bakina ya ce, “In kana nan, ni ban san ka ba.” Ita ce kaɗai maganar da na yi a dutsen nan da na tabbata daga cikina ta fito, kuma ta ba ni tsoro ƙwarai.

Da ma a ce ɓarayin daji ne suka kore ni, ko maciji, da na samu abin faɗa. Babu abin da ya kore ni. Na naɗe tabarmata na tura cikin bukka, na bi ta bayan gonaki don kada 'yan ƙauyenmu su gan ni, na fita titi na hau mashin, na zagaya ta Danja don kada in ratsa Malumfashi, na sauka Funtua wurin abokina Chidi. Chidi Ibo ne amma haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa, tare muka yi makarantar kwana, yana sayar da kayan gyaran mashin. Da ya gan ni ya ce, “Mutumina, ba kai aka ce kana kan dutse ba?” Na ce masa na sauko, kada ya tambaye ni komai. Ya kalle ni ya ce, “To ka ci abinci tukuna.” Ya aika aka sayo mini shinkafa da wake, na cinye ko kunya babu.

A ɗakin da ke bayan shagonsa na ɓuya sauran kwanakin, ina taya shi jera kaya, in akwai wasa mu shiga gidan kallon ƙwallo na layinsu in zauna can baya da hula a fuska. Ana saura kwana biyu wa'adina ya cika, muna cikin kallo da la'asar, sai gari ya haɗe, iska ta taso, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya har hoton talabijin ya ɗauke. Mutane suka fita waje suna murna suna hamdala. Chidi ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, “Ka ga addu'arka ta karɓu.” Shi wasa yake yi, ni kuwa na san abin da ake faɗa a gida a daidai wannan lokacin.

Ranar da wa'adi ya cika na koma ta hanyar da na bi, na ɗauki tabarmata a bukka, na fito ta gaban ƙauye kamar yanzu na sauko. Niyyata in na isa gida in sami Fasto in gaya masa. Amma tun daga bakin layinmu 'yan zumuntar mata suka tare ni da waƙa da guɗa, wata tsohuwa ta cire gyalenta ta shimfiɗa mini a ƙasa. Maƙwabcina Alhaji, wanda muke gaisawa kawai, ya zo har ƙofar gida ya ce sun ji abin da na yi, Allah ya saka da alheri. Na buɗe baki na ce a gode wa Allah, ba ni ba ne. Suka ce ku ji tawali'u. Daga ranar duk abin da na faɗa don in rage abin sai ya ƙara shi.

Yanzu ga inda matsalar ta kai. Akwai wata dattijuwa a cocinmu, zan kira ta Mama Laraba, mijinta Baba Yohanna yana fama da hawan jini, ya taɓa faɗuwa har gefensa ɗaya ya ɗan taɓu, asibiti suka ɗora shi a kan maganin da aka ce kada ya yi wasa da shi. Ta kawo shi gidana a bayan mashin, ta durƙusa ta ce in ɗora masa hannu. Na yi masa addu'a, me zan ce mata? Bayan kwanaki na je duba shi sai ta gaya mini da fara'arta cewa ya daina shan magani tun ranar. Na ce, “Mama, don Allah a ci gaba da ba shi, addu'a ba ta hana magani.” Ta yi murmushi ta ce, “Ɗana, gwada bangaskiyata kake yi. Bakin da ya roƙi ruwa aka ba shi, shi ne zai roƙi lafiyar tsoho a hana shi?” Na je kemis da kaina na sayo maganin na kai, ta karɓa ta yi godiya ta ɗora a kan kabad, jiya na koma na gan shi a inda ta ajiye ko buɗewa ba a yi ba. Baba kuwa yana cewa ƙeyarsa na yi masa nauyi. Na yi wa babban ɗansu magana, ya ce shi ma ya yi ya gaji, uwarsa ba ta jin ta kowa sai tawa, tawa ɗin ma ta ce gwaji ne. Ban da wannan, samari uku a zumuntar matasa sun ce su ma za su hau dutse in an gama girbi, kowa shi kaɗai ba waya, kuma kun san yadda dajinmu yake yanzu.

Matata na fara gaya wa gaskiyar abin da ya faru. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga maganar, ta bar ni har na gama tana tsince shinkafa, sannan ta ce, “Baban Rahila, ai na sani tun ranar da ka dawo. Ni na wanke kayanka, warin baƙin mai suke yi, kuma wanda ya yi mako yana azumi ba ya dawowa da kumatu.” Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, ta ce jira take ta ga ranar da zan gaji. Daga nan faɗa ya tashi. Ta ce na mayar da ita abokiyar ƙarya ba da saninta ba, mata na zuwa suna ce mata ta yi sa'ar miji tana sunkuyar da kai. Ta ce duk kwanakin da nake kallon ƙwallo ita ba ta iya cin abinci saboda tsoron a sace ni. Amma da na ce zan tashi gaban ikilisiya in faɗi gaskiya sai ta ce ban isa ba, wai ni zan sauke nauyina in huta, ita da yara su ɗauka, a makaranta za a riƙa kiransu 'ya'yan mai addu'ar ƙarya, kuma mahaifinta dattijo ne a cocin, da wane ido zai kalli mutane. Ta ce in je in gaya wa Fasto a ɓoye, in gaya wa Mama Laraba a ɓoye, a bar maganar a nan. Ni kuma na san Mama Laraba, abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar ya zagaye zumuntar mata.

Na gaya mata har maganar da na yi a kan dutse, ina tsammanin za ta firgita. Sai ta ce ita ma ta daɗe tana addu'a ba ta jin komai, tun da muka rasa ɗanmu na biyu, amma ba ta daina ba, kuma ba ta taɓa ɗauka wajibi ne sai ta ji wani abu ba. Shekarunmu da aure ban taɓa sanin wannan ba, ni da nake yi wa gari addu'a.

Na je wurin Fasto da niyyar faɗa masa. Kafin in zauna ya rungume ni, ya ce abin da na yi ya farfaɗo da ikilisiya, mutanen da suka daɗe da barin sujada sun dawo, har shi kansa na sa ya ji kunyar sanyinsa. Ya ce dattawa sun zauna sun amince a sa sunana cikin waɗanda za a naɗa dattawan ikilisiya, kuma a sujadar godiya ta wannan Lahadin ni zan ba da shaida. Ya tambaye ni, “Ɗan'uwa, me ke tafe da kai?” Na ce gaisuwa ce kawai. Na fito ina jin ƙyamar kaina.

Ina roƙon a fahimce ni a nan. Ban ce na bar addinina ba, kuma ba wani addini nake nema ba, don haka 'yan'uwana Musulmi don Allah kada a mayar da abin wurin jayayya, 'yan'uwana Kirista kuma kada a ce mini aljani ne ya shige ni a dutse, na san abin da ya faru da ni. Abin da na gane shi ne bangaskiyar da nake taƙama da ita ta gado ce da ta taro, ban taɓa riƙe ta ni kaɗai na ji nauyinta ba. Yanzu in an ce in yi addu'a a coci bakina na yi kamar da, ana amsa Amin kamar da, ni kuma ina tsaye a gefe ina kallon kaina. A shago in babu kowa nakan kashe waya in zauna shiru na ɗan lokaci, ba na cewa komai, wani lokaci tsoron nan na dutse ya dawo, wani lokaci kuma in ji kamar ba ni kaɗai ba ne, amma ban yarda da kaina ba balle in kira shi da wani suna. Shirin nan kuwa na kasa sake kallonsa, in na ga mutum ya ɗauki wayar nan ya ce shi ya gaji a zo a ɗauke shi, a gaban duniya, sai in ga ya yi abin da ni na kasa.

To jama'a ku gaya mini. In tashi ranar Lahadi in faɗi komai a gaban kowa, in jawo wa matata da yarana da surukina abin kunyar da ba su suka yi ba, kuma waɗanda suka dawo coci saboda ni wataƙila su sake fita? Ko in bi ta matata, in gaya wa Fasto shi kaɗai in ƙi karɓar dattijantaka, in bar sauran mutane da abin da suka gaskata? Mutumin da bai tabbata ya san Allah ba, ya halatta ya ci gaba da yi wa mutane addu'a? Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan shirun ya fito da bangaskiyarsa, ya gaya mini yadda ya yi? Komai kuka ce game da Lahadi zan karanta in auna. Amma maganar Baba Yohanna ba za ta jira Lahadi ba, gobe da safe kafin in buɗe shago zan je gidansu, kuma hanya ɗaya ce na sani da za ta sa Mama ta buɗe maganin nan. Wanda ya san yadda ake gaya wa tsohuwar da ta durƙusa maka cewa kana Funtua kana kallon ƙwallo, don Allah ya rubuto mini kafin gari ya waye.